Zane, Feshi da Inuwa: Kalmomin Wata Sana'a a Zangon Kumasi

Kalmar zane, kamar yadda Bahaushe ya gaje ta, tana ɗauke da wani sharaɗi da ba kasafai ake lura da shi ba, wato lalle wani abu mai tsini ko mai kaifi ya taɓa wani abu, a ja shi, ya bar layi a bayansa. Wanzami yana zane a kumatun jariri da aska, mai duba yana zane a kan yashi da yatsa, mai gyaran ƙwarya yana zane da wuƙar da aka gasa a wuta, magini yana zane a jikin bango tun laka tana ɗanya, har uban da ya fusata ma cewa ake yi ya zane ɗansa, domin bulala ita ma layi take bari a fata. Saboda haka idan aka kawo wa wannan harshe wata sana'a da kayan aikinta ba ya taɓa abin da ake yi wa ado ko sau ɗaya, kuma gwanintar mai ita ba ta wuce ɓatar da layi ba har ido ya kasa gane inda wani launi ya ƙare wani ya fara, dole kalmar ta yi ɗan tuntuɓe kafin ta karɓi baƙon.

Kayan aikin da ake magana a kansa ɗan ƙarfe ne mai tsawon alƙalami, wanda ake riƙewa kamar yadda ake riƙe biro, da ɗan ƙoƙo a samansa ko kwalba a ƙasansa inda ake zuba fentin da aka tsinka har ya yi ruwa-ruwa kamar madara. Siririn tiyo yana haɗa shi da injin matse iska, ƙanin wanda masu faci suke busa taya da shi, a cikinsa kuma akwai doguwar allura da ta toshe wata ƙofa wadda faɗinta yawanci bai kai rabin milimita ba. Idan mai aiki ya danna kunamar da ke ƙarƙashin yatsansa iska ce kaɗai take fita, idan ya ja ta baya sai allurar ta janye, iskar da ke gudu ta zuƙo fentin ta tarwatsa shi ya zama hazo. Matsowa kusa yana ba da layi siriri kamar gashi, ja da baya yana ba da wani lulluɓi mai laushi marar gefe, kuma duk sirrin sana'ar yana tsakanin waɗannan biyu, a cikin tazarar da ba ta fi tafin hannu ba. A Amurka aka haife shi: Abner Peeler na jihar Iowa ya ƙera na farkonsa a 1879, Liberty Walkup ya sayi haƙƙin ya kai shi kasuwa, sannan Charles Burdick ya gyara fasalinsa ya koma Landan da shi a 1893. Aikinsa na farko gyaran hotuna ne, shafe ƙuraje da tamoji daga fuskokin masu kuɗi, kuma da irinsa ne ma'aikatan gwamnatin Stalin suka riƙa share mutanen da aka kashe daga hotunan hukuma, a mayar da gurbinsu ruwa ko bango.

Turawa sun raɗa masa suna da kalmomi biyu, iska da burushi, amma wanda ya ɗauko wannan suna kai tsaye zuwa Hausa zai sha dariya, domin iska a wannan harshe ba ta tsaya ga abin da ake shaƙa ba. Iskoki su ne mutanen ɓoye da 'yan bori suke kira, wanda ya tabu ana cewa iska ta buge shi, ɗan iska kuwa ba ya bukatar bayani, don haka duk uban da aka gaya masa cewa ɗansa yana zane da iska ba zai ji an ambaci sana'a ba. Kalmar da ta rage ita ce feshi, wadda ta riga ta yi hidima ga maganin sauro da turare da maganin ƙwarin gona, kuma ita ce masu fentin mota suka daɗe da ɗauka. Alƙalamin feshi shi ne sunan da ya fi kusa da gaskiya, ko da yake yana haɗa abu biyu da ba su saba zama inuwa ɗaya ba, domin alƙalami kayan malamai ne, mai daraja, wanda ake fiƙewa da alwala, feshi kuwa aikin gareji ne da warin tina.

A Kumasi garejin ne ya riga ɗakin zane sanin wannan fasaha. Unguwar Suwame, a arewacin birnin, tana ɗaya daga cikin manyan matattarar makanikai da maƙera a Afirka ta Yamma, kuma 'ya'yan zango suna cikin masu walda da masu gyaran jikin mota da masu fenti da ke cin abinci a can. Zango kuwa, wanda asalinsa masaukin ayarin fatake ne, ya zama a Ghana sunan kowace unguwa da baƙi Musulmi daga arewa suka kafa. Cinikin goro ne ya fara janyo Hausawa zuwa ƙasar Gwanja, Thomas Bowdich ya tarar da malamai Musulmi a fadar Asante a 1817, yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fatake zuwa wasu garuruwa, kuma bayan da Ingila ta mamaye Kumasi a 1896 zangon birnin ya cika ya tumbatsa, har Hausa ta zama harshen da Bamoshe da Badagombe da Bazabarme suke ciniki da shi a Aboabo da Asawase da sauran unguwanni. Unguwar Atonsu kuwa tana kudu maso gabashin birnin, a kan hanyar da ta nufi tafkin Bosomtwe, wanda a al'adar Asante rayukan matattu suke zuwa yin bankwana a bakinsa, kuma mai tafiya a kan wannan hanya yana wuce duk abin da birnin yake rubutawa da zanawa a fili: allunan masu aski da kawunan samari a jere, kowanne da irin askinsa, kirari da addu'o'i a gilashin motocin haya da ake kira tiro-tiro, da kekuna masu ƙafa uku da aka laƙaba wa suna Pragya, sunan wata jaruma a wasan kwaikwayon Indiya da ya mamaye talabijin ɗin ƙasar.

Wannan birni yana da tsohuwar al'adar zanen kasuwa. Kwame Akoto, wanda aka haifa a 1950 kuma aka fi sani da sunan shagonsa, Almighty God Art Works, ya buɗe wurin aikinsa a 1972, ya yaye almajirai da dama a kusa da mahaɗar Suwame, yana zana allunan talla da fuskokin manya da gargaɗi a kan shan taba da mutuwa. A shekarun 1980 da 1990 kuma, lokacin da masu bidiyo suke yawo ƙauye-ƙauye da talabijin da janareta, masu zane a Ghana sun riƙa ɗinke buhunan fulawa biyu suna zana tallan finafinai a kansu, da jini da macizai da kawunan matattu fiye da abin da ke cikin fim ɗin kansa, kuma littafin Ernie Wolfe na shekarar 2000 ya sa masu tara kayan fasaha a Turai da Amurka suka fara neman waɗannan buhuna da tsada. Yaron zango da ya ɗauki alƙalamin feshi yau, ko don ya yi wa tankin babur ado ko rigar 'yan ƙwallo ko bangon shagon aski, a cikin wannan gado yake aiki, sai dai yana da wani gadon na daban a gida, wanda yake tambayarsa abin da maƙwabcinsa Ba'asante ba a tambayarsa.

Tambayar tana rataye ne a kan kalmar sura. Larabci yana da kalmomi biyu da haruffan farkonsu suka bambanta, ɗaya tana nufin babi daga Alƙur'ani, ɗayar tana nufin kamanni ko hoto, amma harshen Bahaushe bai raba sautukan biyu ba, sai suka faɗo cikin kalma guda, har ya zama abin da ake haddacewa da abin da ake gudu suna amsa suna ɗaya. Hadisan da Buhari da Muslim suka ruwaito sun yi gargaɗin cewa za a umarci masu yin sura ranar ƙiyama su hura rai a cikin abin da suka yi, ba kuwa za su iya ba, kuma Ibn Abbas ya shawarci wani mai wannan sana'a ya koma zanen itatuwa da abubuwan da ba su da rai. Ba sai an yi dogon nazari ba kafin a ga yadda wannan hoto na hurawa ya dace da kayan aikin da dukan aikinsa busa ne. Malaman Malikiyya, mazhabar da zango ya gada, sun tattauna batun a babin walima, inda ake lissafa abin da zai sa mutum ya ƙi amsa gayyata, kuma na baya cikinsu irin su Dardiri sun taƙaita haramcin a kan sura mai sharuɗɗa: ta kasance ta abu mai rai, cikakkiya da gaɓoɓin da ba a rayuwa sai da su, kuma mai inuwa, wato mai jiki da ke tsaye da kansa har rana ta jefa inuwarsa ƙasa. Wadda ba ta da inuwa, kamar zane a takarda ko a tufa, sun sauke ta zuwa karhanci ko ƙasa da haka, ko da yake wasu malaman, musamman a wannan zamani, sun fi haka tsanantawa.

Abin lura a nan shi ne, inuwa ita ce ainihin hajar da mai feshi yake sayarwa. Burushi yana iya kwaikwayonta da wahala, amma hazon fenti yana yin ta kamar da wasa, yana dusashewa daga baƙi zuwa toka zuwa fari ba tare da gaɓa ba, har kumatu su taso daga shimfiɗaɗɗen allo, ramin ido ya zurfafa, ƙarfe ya yi ƙyalli kamar an goge shi. Da wannan ne H. R. Giger na Siwizalan ya zana dodon fim ɗin Alien na 1979, da shi ne Hajime Sorayama na Japan ya yi suna wajen zanen mutanen ƙarfe. Inuwar fiƙihu tana faɗuwa a ƙasa, ta mai feshi kuwa tana zaune a jikin hoton, ƙarya ce da ido yake yarda da ita, amma idan yatsa ya shafa sai ya ji sumul. A hukunce zanen bai da inuwa, a ido kuwa babu abin da yake da shi sai ita, kuma Hausa da kalma ɗaya take kiran duka biyun.

Magabata sun bi wata hanya da ta kauce wa wannan matsala gaba ɗaya. Zayyana, wadda ta fito daga kalmar Larabci mai nufin ƙawatawa, ita ce adon da alaramma yake yi wa Alƙur'anin da ya rubuta da hannu da kuma allon wanda ya yi sauka, da ja da rawaya da baƙi, babu fuska babu dabba. Maginan Zariya da Kano sun cika fuskokin gidaje da dagi da takubba, da zamani ya zo kuma suka ƙara keke da mota da jirgin sama, dukansu abubuwa marasa rai. Zanen da ke rakiyar rubutu, irin wanda ake gani a littattafan makaranta da bangon littattafan soyayya na Kano, ya zo ne tare da boko da injin ɗab'i, kuma har yau bai samu suna nasa na kansa ba, ana dai cewa hoto, kalmar da aka aro don abin da kyamara take ɗauka.

Kayan wasa kuwa sun samu rangwame tun farko. An ruwaito cewa Nana A'isha tana da 'yan tsana da take wasa da su, kuma Abu Dawuda ya kawo labarin dokinta mai fukafukai wanda ya sa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi dariya, don haka malamai suka cire 'yar tsanar yara mata daga hukuncin sura mai inuwa. Hausa ta raba kalmomin nan da kyau: gunki abin bauta ne, mutum-mutumi abin tsayarwa ne a dandali ko a gona don korar tsuntsaye, 'yar tsana abin goyo ne, kuma siffarsu tana iya zama ɗaya, matsayinsu ne ya bambanta. A Kumasi iyakar ba ta fito fili haka ba, domin akuwaba, 'yar itacen nan mai faffaɗan kai kamar faifai, wadda macen Asante mai neman haihuwa take goyawa tana yi mata wanka da ado, 'yar tsana ce a ido, amma aikinta ya wuce wasa.

Abin da ake kira kayan wasa na musamman a kasuwar duniya ya sake dagula rabon. A 1999 Michael Lau na Hong Kong ya nuna 'yan mutane na roba da ya yi wa shigar samarin titi, a 2001 kamfanin Medicom na Japan ya fitar da Bearbrick, a 2002 Paul Budnitz ya kafa Kidrobot a Amurka, wanda ya kawo Dunny a 2004, sannan Munny a bayansa. Munny farar roba ce fat, mai ƙaton kai da gajerun hannuwa, babu ido babu baki, ana sayar da ita haka domin wanda ya saya ya ƙarasa ta. Mai aiki yakan wanke ta da sabulu don cire maiƙon masana'anta, ya goge ta da samfefa mai laushi, ya cire kai da hannuwa, ya liƙa mata ƙaho ko haƙora da wani irin yumɓu da ke sandarewa, ya fesa fentin shimfiɗa, sannan ya bi da launuka sirara-sirara, kowanne sai ya bushe, yana rufe sassan da ba ya so su taɓu da tef, daga ƙarshe ya kulle aikin da mai sheƙi. Abin da ya fito guda ɗaya ne a duniya, babba ne yake sayensa, kuma a cikin gilashi yake ajiye shi. Rangwamen malamai na yara ne da wasansu, wannan kuwa ba yaro ba wasa, don haka kiransa 'yar tsana aron suna ne kawai. Idan ana neman ɗan'uwansa na jini a zango, motar gwangwani ce, wadda yaro yake yankawa daga gwangwanin madara, ya yi mata tayu da tsohon silifas, ya ɗaura mata doguwar sanda ta sitiyari, ya kuma rubuta mata kirari a baya kamar na tiro-tiro, ita ma guda ɗaya a duniya, sai dai ita a kan titi take ƙarewa.

Sannan ga ƙoƙon kai, wanda shi ne abin da masu feshi a ko'ina suka fi son zanawa, saboda dalilin sana'a kafin na falsafa: duk jikinsa tudu ne da kwari, ba shi da gashi ko fata da za su wahalar, kuma launi ɗaya ya ishe shi. Sunansa na Hausa ya sauke shi daga kan karaga zuwa madafa, domin ƙoƙo ƙaramar ƙwarya ce ta shan fura da ta bara, kuma harsuna da yawa sun yi irin wannan tunani, tunda kalmar Faransanci ta kai daga sunan tukunyar ƙasa na Latin ta samo asali. A bakin 'yan zango da dama, waɗanda Hausarsu ta saki bambancin ƙ da k, kalmar tana faɗowa daidai da koko, kunun safe da ya kai sunan Hausawa kowane lungu na Ghana. A tarihin Kumasi kuma kwatancen ya taɓa zama zahiri: an kashe gwamnan Ingila Charles MacCarthy a yaƙin Nsamankow a watan Janairun 1824, aka kawo kansa birnin, kuma marubutan Turawa sun ruwaito cewa an mayar da ƙoƙon abin sha na sarauta, kamar yadda aka san gangunan yaƙin Asante da adon ƙoƙunan kai da muƙamuƙan abokan gaba.

Turai ta yi amfani da wannan ƙashi a matsayin wa'azi, daga wanda Hans Holbein ya miƙe a karkace a ƙasan hoton jakadu biyu a 1533 zuwa zanen masu fenti na Holan a ƙarni na 17, inda ake ajiye shi kusa da agogo da kyandir. Meziko ta mayar da shi abin raha, ta hannun José Guadalupe Posada, wanda ya rasu a 1913, da ƙwarangwal ɗinsa mai hular gayu. Kasuwa ta mayar da shi dukiya, Damien Hirst ya lulluɓe kwafin guda da lu'ulu'u 8,601 a 2007, zanen Jean-Michel Basquiat na 1982 kuma aka sayar da shi dala miliyan 110.5 a 2017. Bahaushe bai gaza kowa tuna mutuwa ba, amma da baki yake yi: waƙoƙin wa'azi tun daga zamanin Shehu Usmanu da Nana Asma'u har zuwa Imfirajin Aliyu Namangi sun bayyana kabari da abin da ke cikinsa filla-filla, ba tare da an zana ko ƙashi ɗaya ba. Bambancin yana fitowa sarai kowace Asabar a Kumasi, inda Asante suke zaman makoki da baƙi da ja a ƙarƙashin manyan allunan hoton mamaci, alhali zango yana sallar gawa ya rufe ta cikin likkafani tun ranar da aka rasu. Wurin da ɗan zango ya saba ganin ƙoƙon kai a zane shi ne jikin taransifoma da kwalbar guba, don haka ma'anarsa ta farko a wurinsa haɗari ce, ta biyu kuma zargin tsafi ko ƙungiyar asiri, kuma saurayin da ya fesa shi a tankin babur don burgewa yana aika saƙon da bai rubuta ba.

A ma'aunin malaman can kuwa ƙoƙon kai baƙo ne. Ruwayoyi sun nuna cewa kai shi ne jigon sura, har aka ce a cire kan mutum-mutumi ya koma kamar itace, amma ba su da yawan magana a kan kan da aka cire masa jiki da nama da rai baki ɗaya, wanda bai cika sharaɗin cikar gaɓoɓi ba, bai kuma yi da'awar rayuwa ba. Fitaccen ɗan roban nan na mai zanen da ake kira KAWS, mai suna Companion, wanda ya fito a Japan a 1999, ya tara dukan matsalolin a jiki ɗaya: 'yar tsana ce ta manya, mai inuwa, da gangar jikin ɗan wasan yara, da ƙoƙon kai a wuya, da gicciye biyu a gurbin idanu. Babu kalma ɗaya ta Hausa da ta ishe shi, kuma hukuncinsa aikin malamai ne.

Injin buga hoto a leda ya cinye mafi yawan kasuwar allunan hannu a Kumasi tun farkon wannan ƙarni, sai feshi ya tsira a inda leda ba ta kwanciya da kyau, wato a kan hular kwano da tankin babur da takalmi da roba mai lanƙwasa. Alƙalamin feshi suna ne da zai yi amfani a rubutu da aji, amma da wuya ya shiga gareji. A can, daga Suwame har Atonsu, wanda ya shafe motar haya da launi ɗaya da wanda ya kwana uku yana fitar da inuwar haƙori a kan hular kwano, duka mai fenti ake ce musu.